Wasa Ɗaya, Fage Biyu: Kurakuran da Masu Wasa Suka Fi Yi Game da Wuri da 'Yan Kallo

Shekarun baya ƙungiyarmu ta shirya wani ɗan gajeren wasan kwaikwayo a kan takin zamani. Labarin mai sauƙi ne. An kawo wa ƙauye buhunan taki, mai unguwa ya karkatar da rabi zuwa kasuwa, wani manomi ya yi ta zarya har damina ta yi nisa, masararsa ta ƙanjame. A zauren taro na wata makarantar sakandare muka fara nuna shi. Duk sanda mai unguwa ya shigo da rawaninsa a karkace sai ɗakin ya kaure da shewa, malamai ma har da riƙe ciki.

Bayan mako biyu muka ɗauki wasan, ko kalma ɗaya ba mu taɓa ba, muka kai shi wani ƙauye. Fili mafi faɗi a garin shi ne na ƙofar gidan dagaci, nan aka shimfiɗa tabarmi. Ɗan wasanmu ya fito da rawanin nan a karkace, ko murmushi babu wanda ya yi. Wani dattijo ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Matan da ke tsaye a gindin katanga suka fara janye 'ya'yansu ɗaya bayan ɗaya. Kafin mu kai tsakiyar wasa, daga mu sai 'yan yara a filin.

Da daddare mai masaukinmu ya ja ni gefe. Ya ce, "Malam, tsakani da Allah, wa ya turo ku?" Na ce babu kowa. Ya ce, "To, a garin nan ba mai yarda. Bara an yi rigimar taki har gaban hakimi, kuma wanda ake zargin yana zaune a tabarmar gaba." Abin da ya zama raha mai darasi a makaranta, a ƙofar dagaci ya zama ƙara da baƙi suka shigar a bainar jama'a, kuma duk wanda ya yi dariya ya zama shaida.

Tun daga daren nan nake lura da irin wannan tuntuɓe, a wajenmu da wajen wasu. Abin da zan faɗa ya shafi masu wasan dandamali, da masu wasan faɗakarwa na ƙauyuka, da matasa masu karanta waƙe a gaban jama'a, da masu fasahar nan da ake yi da jiki, wadda mai zane ko mai sassaƙa ke ajiye fenti da gizago ya mai da jikinsa da motsinsa abin kallo.

Zaton cewa ma'ana tana cikin jakar kaya

Wannan shi ne uwar kurakuran. Mutum ya yi wata biyu yana atisaye, ya haddace kowace kalma, sai ya ɗauka ma'anar wasan ta kammala, abin da ya rage a zuba ta a jaka tare da rawani da gemun auduga a kai duk inda aka ga dama.

Ranar 12 ga Janairun 2007, jaridar Washington Post ta sa Joshua Bell, ɗaya daga cikin fitattun masu goge irin na Turawa, ya tsaya a bakin wata tashar jirgin ƙasa ta birnin Washington da safe, cikin kaya irin na kowa. Gogen da ke hannunsa an ƙera shi tun 1713, kuɗinsa ya kai dala miliyan uku da rabi. Ya yi kiɗa kusan minti 43. Mutum 1,097 suka wuce ta gabansa, bakwai kacal suka tsaya saurare, abin da aka jefa masa bai wuce dala 32 da 'yan canji ba, in aka cire dala 20 da wata mata da ta gane shi ta ba shi. Kwana uku kafin nan ya cika babban zaure a Boston, inda kujera mai kyau ke kai dala 100. Hannun ɗaya ne, gogen ɗaya ne. Zaure ya ce wa mutane ga gwani, tasha ta ce musu ga mai neman na abinci, su kuma suna sauri kada su makara aiki.

Mu ba sai mun je Amurka ba kafin mu gane haka. Duba tashe. In azumi ya kwana goma, yaro ya liƙa gemun auduga, ya ɗauki sanda ya ranƙwafa yana kwaikwayon tsoho, ko ya rataya buzu da allo yana kwaikwayon malam, dattawa su yi dariya su ba shi hatsi ko 'yan kuɗi. A Kano har gwauro ake ɗaure wa igiya a zaga da shi gari ƙarƙashin Nalako, sarkin gwagware. Watan ne ya ba da wannan izini, da daren, da sanin da kowa ya yi cewa tashe ake yi. Yaron nan ya gwada kwaikwayon malam da tsakar rana a watan Safar a ƙofar tsangaya, ya ga abin da zai biyo baya. Haka jahi. Mahayi ya sako doki a guje ya ja linzami a gaban sarkinsa ranar hawan sallah ya ɗaga hannu, wannan jaddada biyayya ce. Da aka tara dawakan masarautu a Kaduna lokacin bikin al'adun baƙar fata na duniya, FESTAC, na 1977, sukuwar ba ta canza ba, amma a idon baƙin da suka zo daga ƙasashen duniya ta zama nunin ƙwarewa da ado.

Gyaran shi ne ka raba wasanka gida biyu tun wajen atisaye: ƙashin baya, wato abin da in aka cire shi wasan ya mutu, da kuma tufafi, wato sunaye, sarautu, sutura, karin harshe da barkwanci. Ƙashin baya ba ya motsi. Tufafi kuwa ana sake ɗinka su a duk sabon wuri. Wasanmu na taki ƙashin bayansa shi ne manomin da aka hana haƙƙinsa a lokacin da ƙasa ba ta jira. Da muka gane haka, sai muka cire rawani, muka mai da ɓarawon takin ɗan kwangila daga birni mai yawan amsa waya. A ƙauye na gaba mutane suka yi dariya son ransu, kuma bayan wasa su da bakinsu suka kawo zancen masu rabon taki na garinsu.

Ganin fili a ranar wasa

Ba a fafe gora ranar tafiya, amma ƙungiyoyi da yawa sai mota ta tsaya suke fara tambayar ina za a yi. Abin da suke dubawa faɗi ne da inuwa da inda za a ajiye janareto. Su manta cewa kowane fili yana da mai shi, yana da tarihi, kuma yana da maganar da ya riga ya fara kafin ka buɗe baki.

Ƙofar fada tana cewa abin da ake yi da yardar sarauta ne, ko kuma tsokanar sarauta ne, babu tsaka-tsaki. Harabar masallaci tana hana kiɗa da shewa ko da liman bai ce komai ba. Kasuwa tana ba ka jama'a, amma jama'ar da ke tafe, wanda ya ga farko ba shi zai ga ƙarshe ba, don haka wasan kasuwa dole ya zama gajere, mai maimaita saƙonsa. Filin makarantar firamare shi ne ya fi kusa da zama na kowa, sai dai ka tambaya ko nan ne rumfar zaɓe da aka yi faɗa a kanta.

Jelili Atiku, wanda ya yi karatun zane a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya nuna ayyukansa na jiki a ƙasashe da dama, har ya karɓi lambar yabo ta Prince Claus a 2015. A watan Janairun 2016 ya yi wani nuni a titunan Ejigbo, unguwarsu a Legas, cikin shiga ta musamman tare da abokan aikinsa. Kwanaki kaɗan bayan nan aka kama su, aka tuhume su da tayar da hankalin jama'a, ya kwana a gidan yarin Kirikiri, sai daga baya aka janye ƙarar. Irin aikin da a zauren baje kolin Turai ake tsayawa a yi shiru a kalla, a titin gida, kusa da fada, a unguwar da ake taƙaddamar filaye, an karanta shi a matsayin yatsa da aka nuna wa wani. Ba ina cewa bai kamata ya yi ba. Mai fasaha yana da damar zaɓen wuri mai zafi da gangan, kuma wani lokaci zafin wurin shi ne aikin. Abin da nake ƙi shi ne mutum ya faɗa ciki da ka bai sani ba, ya ja yaran ƙungiyarsa su kwana a caji ofis a kan abin da bai yi niyya ba.

Ka je garin aƙalla mako guda kafin ranar. Ka zauna a teburin mai shayi, ka je majalisar dattawa bayan La'asar, ka sa wata daga cikin matan ƙungiya ta shiga gidaje. Baƙo makaho ne ko da idonsa biyu. Ka tambayi abin da aka saba yi a filin, da abin da aka yi na ƙarshe, da wanda ba ya taka wurin. Ka gaida mai unguwa da dagaci da liman, ka faɗa musu labarin wasan da bakinka, in kuma za ku bi titi ka sanar da 'yan sanda. Sannan ka kula da motar da ta kawo ku da gidan da kuka sauka. In motar ɗan siyasa ce, ko da ba hoto a jikinta, to wasanku ya zama kamfe tun kafin ku sauke kaya.

Kwaikwayon mai mulki a gabansa ba haramun ba ne a al'adarmu. Matan fada suna da wasan gauta, inda ake kwaikwayon sarki da fadawansa. A Damagaram akwai wasan kara, inda talakawa ke shiga irin ta manyan gwamnati su kwaikwayi tafiyarsu da maganarsu, manyan na zaune suna dariya. Amma waɗannan suna da rana, suna da suna, kowa ya san dokarsu, kuma 'yan gida ne ke yi. Mu da muka je ƙofar dagaci ba mu da ko ɗaya daga ciki.

Rumfa, kujerun roba da teburin manyan baƙi

Fagen Bahaushe da'ira ce. Dambe, kokawa, kalangu, 'yan gambara, 'yan kama, duk jama'a ce ke kewaye su. A da'ira kowa yana ganin wasa, kuma yana ganin fuskar maƙwabcinsa a ɗaya gefen. Yara na zaune a gaba, manya na tsaye a baya, mai son magana ya jefa ta, mai son kari ya ratso fili ya liƙa ya koma.

Sai masu shirya taro su zo su kafa rumfa, su jera kujerun roba layi-layi, su ajiye dogon teburi da ruwan gora da furen roba a gaba. Daga nan wasan ya tashi daga na jama'a ya koma na mutum shida da ke teburin. 'Yan wasa suna fuskantarsu, suna ba sauran mutane ƙeya. Jama'a kuma ba wasan suke kallo ba, fuskar babban baƙo suke kallo, in ya yi dariya su yi, in ya duba agogo su fara kaɗe riga.

Ba banza ba da Jami'ar Ahmadu Bello ta tashi gina gidan wasanta a tsakiyar shekarun 1970, mai zanen gine-gine Steven Ehrlich ya yi shi da ƙasa, ɗakuna kewaye da fili a buɗe kamar tsakar gidan Bahaushe, yadda za a iya sauya inda 'yan wasa da 'yan kallo ke zama. Daga sashen wasan kwaikwayo na jami'ar ne, a ƙarshen shekarun 1970, malamai irin su Michael Etherton da ɗalibansu suka fara kai wasa ƙauyuka kamar Soba da Maska da Bomo, kuma a hankali suka gane cewa kai wa manomi wasan da aka gama dafawa a jami'a bai kai zama da shi a ƙulla wasan tare ba.

In wasanka yana son mutane su yi magana, ka roƙi a bar maka da'ira. In dole sai an yi teburin manya, a sa shi a gefe, a gama jawabai da addu'a, sannan ka ja wasan zuwa tsakiyar jama'a. In kuwa wasan na shiru ne mai son natsuwa, to da'ira a buɗe za ta cinye shi, nemi ɗaki mai ƙofa.

Ƙirga kawuna maimakon duba wa ke kusa da wa

Bayan wasa za ka ji ana cewa mutum ɗari uku suka zo. Adadin ba ya gaya maka komai. Abin tambaya shi ne su wane ne, kuma wa ke zaune a idon wa.

Mun taɓa yin wasa a kan awon ciki da haihuwa a gida. A cikin wani babban gida, mata zalla, wata tsohuwa ta tsayar da wasan da kanta, ta ce wa 'yar wasanmu, "'Yar nan, ba haka naƙuda take ba, tashi in nuna miki." Aka yi ta dariya, aka yi ta ba da labarai, wasu har da hawaye, aka kai Magariba ba a gama ba. Kashegari muka yi shi a fili, maza da mata a haɗe. Matan nan dai su ne, amma kowacce ta ja mayafi ta rufe baki. Surukinta na nan, ɗan farinta na nan, ƙanin mijinta na nan. Ko ta yarda da kowace kalma, ba za ta gyaɗa kai ba. Waƙoƙin amada ma haka suke, abin da mata ke faɗa da kiɗan ƙwarya a tsakar gida ranar suna, in aka fito da shi gaban maza ya zama wata magana daban.

Maganin ba wuya. Batun da ya taɓa ciki, haihuwa, zaman aure ko cutar da ake ɓoyewa, a yi shi sau biyu: na mata a cikin gida da 'yan wasa mata, na maza a majalisa ko bayan sallar Isha'i. In ana son haɗuwa, a haɗu daga baya a kan abin da kowane ɓangare ya yarda a fito da shi.

Barkwanci ma yana da iyakar ƙasa. Bakano ya tsokani Bazazzagi, Bafulatani ya tsokani Babarbare, Bagobiri da Bayarabe, Bakatsine da Banufe, duk wasa ne da aka gada, wanda aka tsokana ma jira yake ya rama. Amma wasan yana aiki ne in ɓangarorin biyu sun san da shi. Ka ɗauki zolayar da ta tayar da ɗaki a Zariya ka kai ta taron ɗalibai a Legas ko zangon Kumasi, inda wasu ba su taɓa jin wannan alaƙa ba, sai a ji ta a matsayin cin fuskar ƙabila. Haka kwaikwayon Hausar wanda ba Bahaushe ba. A inda kowa Bahaushe ne za a yi dariya, ko da yake ni ban ga abin alfahari a dariyar ba. A Sabon Gari ko Jos, mai irin wannan harshe yana tsaye a cikin 'yan kallo da 'ya'yansa. Kafin ka bar kowace zolaya a wasa, ka tambayi kanka ko za ka iya faɗinta wanda ake zolaya yana layin gaba.

Lokaci da lasifika

A nan gajeruwar magana ta isa. Kada ka sa ƙololuwar wasanka ta faɗo daidai kiran sallah, domin fili zai watse kuma ba zai dawo yadda yake ba. Fara bayan La'asar da wuri, ka gama kafin Magariba. Da damina kada ka nemi manomi da hantsi. Ranar kasuwar garin da ke kusa, maza ba sa nan. In an yi rasuwa a unguwar, a ɗaga.

Lasifika kuma tana faɗaɗa 'yan kallonka zuwa mutanen da ba ka gani: matar da ke cikin gida, malamin da ke karatu a zaure, mara lafiya. Su muryar kawai suke ji, ba sa ganin cewa wanda ke zagin nan shi ne mugun cikin wasa. In da'irar ba ta fi mutum ɗari ba, murya ta isa.

Miƙa wa 'yan kallo wuƙa ba tare da kube ba

Yanzu kowa na son a ce wasansa yana shigar da jama'a ciki. Abu ne mai kyau, kuma shi ne mafi haɗari.

A 1974, a birnin Napoli na Italiya, mai fasahar jiki Marina Abramović ta jera abubuwa 72 a kan teburi: fure, gashin tsuntsu, zuma, bulala, almakashi, aska, har da bindiga da harsashi ɗaya. Ta rubuta cewa kowa na iya yin abin da ya ga dama da ita, alhakin yana wuyanta. Ta tsaya ƙyam awa shida. Da farko mutane suka riƙa ba ta fure. Da dare ya yi nisa aka yayyanka tufafinta, aka tsaga mata fata a wuya, wani ya ɗura harsashin ya ɗora bindigar a hannunta ya saita ta ga wuyanta, har faɗa ya kaure tsakanin masu son kare ta da masu son ci gaba. Da lokaci ya cika ta motsa ta nufo su, sai suka watse, ba mai iya haɗa ido da ita. Ita ba ta yi komai ba a awa shidan nan. Duk abin da aikin ya zama, 'yan kallo ne suka rubuta shi, kuma ɗakin baje koli ne ya ba su tunanin cewa a nan babu laifi.

Augusto Boal, mai shirya wasan kwaikwayo na Brazil, ya ba da labarin wani abin da ya same shi ta ɗaya gefen. A farkon shekarun 1960 ƙungiyarsa ta kai wa manoma a arewa maso gabashin ƙasar wasan da ke ƙarewa da 'yan wasa riƙe da bindigogi suna kiran a zubar da jini don ƙwato ƙasa. Bayan wasa wani manomi ya zo cike da murna, ya ce su taho da bindigoginsu a tafi gonar mai ƙasar yanzu. Suka ce bindigogin na wasa ne. Ya ce ba komai, akwai na gaske da za su ishi kowa. Da suka ce su 'yan wasa ne, ba su iya harbi ba, sai manomin ya gane cewa jinin da ake waƙar zubarwa nasu ne su manoma, ba na masu waƙar ba. Wannan kunya tana cikin abin da ya sa Boal ya daina gaya wa mutane abin da za su yi, ya koma tsarin da ake tsayar da wasa ɗan kallo ya shigo ya gwada tasa mafitar.

Darasi biyu nake ɗauka a nan. Na farko, kada ka kira mutane zuwa abin da kai za ka hau mota ka bar su da shi. In wasanka ya zuga matasa su tunkari wani, kai gobe kana gida, su ne za su kwana a garin. Na biyu, in za ka buɗe fili, ka sa masa dogari. A ware mutum ɗaya mai natsuwa da sanin garin, wanda aikinsa kawai shi ne tsayar da wasa, ba da dama, da karɓe ta. A faɗi doka tun farko da babbar murya: ba a taɓa jikin ɗan wasa, ba a kiran sunan kowa na garin. Wanda ya fito a mugu kuma a fito da shi a ƙarshe ya cire kayan wasa a gaban kowa, a faɗi sunansa na gaskiya, ya gaisa da dattawa. Na ga an bi ɗan wasa da jifa har mota don an tsallake wannan.

Karanta dariya da shiru a baibai

Dariya ba kullum take nufin an ji daɗi ba. Bahaushe yana dariyar kunya, yana dariyar tausayi, yana dariya in abu ya zo masa kusa da gida har ya rasa inda zai sa fuskarsa. Sau da yawa wurin da miji ya ɗaga hannu zai mari matarsa a wasa, nan ake fashewa da dariya, sabon ɗan wasa kuma ya ɗauka ya burge, ya ƙara gishiri, wasan ya koma goyon bayan abin da ya zo hanawa. In dariya ta faɗo inda ba ka sa ta ba, kada ka bi ta. Ka tsaya cik, ka bar ta ta mutu, ka bar matar ta ɗago kai a hankali. Shirun da ke biyo baya shi ne wasan.

Shi ma shiru iri-iri ne. Akwai na wanda abu ya ratsa, akwai na ladabi ga baƙo, akwai irin wanda muka gamu da shi a ƙofar dagaci. Ba za ka bambance su daga tsakiyar fili ba. Ka dasa mutum biyu cikin jama'a, ɗaya wajen maza ɗaya wajen mata, su saurari abin da ake raɗawa. Kada kuma ka tambayi mutane ko wasa ya yi kyau, kowa zai ce ma sha Allah. Ka ce wa yaro ya ba ka labarin abin da ya gani. Abin da ya faɗa shi ne wasan da aka yi a garin.

Mantawa da wayar da ke sama

Da can in an watse wasa ya ƙare. Yau a kowace da'ira akwai hannu goma a sama riƙe da waya, kuma kowace waya ƙofa ce zuwa wasu 'yan kallo da ba su san garin ba, ba su ga farko ba, ba za su ga ƙarshe ba. Daƙiƙa talatin ake yankowa a sa a TikTok ko WhatsApp, kuma ba a yanko wurin nasiha, wurin da mugu ke cika baki ake yankowa.

Wata yarinya a ƙungiyarmu ta fito a matsayin mai tallan da wani attajiri ke yaudara. A fili kowa ya tausaya mata. Guntun da ya isa wayar kawunta a wani gari shi ne inda take karɓar kuɗi tana murmushi. Mahaifinta ya zo har wajen atisaye, ya ce mini, "Malam, na ba ka amanar 'yata ne don faɗakarwa." Na nuna masa cikakken wasan, ya gamsu, amma ya ce dangi ba za su zauna kallon minti arba'in ba. Ba ta sake fitowa ba, kuma tana cikin mafi hazaƙa da na taɓa koyarwa.

Tun daga nan, kafin mu fita da kowane wasa, muna zama mu bi shi fitowa bayan fitowa, muna tambaya: in wannan kaɗai aka yanka, me zai zama, kuma wa zai ɗauki nauyinsa? Inda haɗarin ya yi yawa sai mu sake tsara tsayuwar, yadda mai ja da maganar zai kasance cikin hoto ɗaya da mai faɗinta. Muna ɗaukar namu cikakken bidiyon mu riga kowa sakawa. Wasan cikin gida na mata kuwa, uwar gidan muke roƙo tun a zaure ta sa a tara wayoyi a cikin ƙwarya ɗaya a rufe da faifai, sai an shafa fatiha kowa ta ɗauki tata.